Mustafa Alhasan na Tawa: Bakaniken da Ya Naɗa Kwaɗo Shugaban Ƙasa

Idan aka ce a lissafa daraktocin fim a teburin mai shayi a nan Sabo, sunayen da za a ji ba za su wuce na Kano da Kaduna da Jos ba. Waɗanda suka ga jiya su ƙara da na Indiya, matasa kuma su kawo na Legas. Da wuya a sami mutum ɗaya cikin ɗari da zai ambaci Mustafa Alhasan, wanda takardun Faransanci ke rubuta sunansa Moustapha Alassane. Alhali kuwa mutumin nan maƙwabcinmu ne na Nijar, a Tawa ya yi shekarunsa na ƙarshe cikin Hausawa, wasu fina-finansa sunan Hausa ne da su, kuma ya taɓa ɗauko kyamararsa ya zo har nan ƙasar Oyo ya yi aiki. Ya fara fim shekara 28 kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990. To, wannan karon mun ga ya dace mu zauna mu dubi aikinsa da idon basira, mu faɗi inda ya burge mu, mu faɗi inda muke da ja, domin akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a cikin labarinsa, mu da muke zaune a Kurmi.

Daga fitila da kwali zuwa kyamara

An haifi Mustafa a 1942, lokacin Nijar tana hannun Faransa. Aikin kanikanci ya koya, kuma tun yana yaro hannunsa ya iya zane. Ba shi da kyamara, ba shi da kuɗin sayenta, ba wanda ya koya masa fim. Sai ya riƙa zana hotuna a kan takarda mai shara-shara, ya haɗa akwati da fitila, ya haska a bango da dare, yara da manya su taru su yi kallo. Wato shi da kansa ya ƙera majiginsa. Wannan fa ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna zamanin. Tun 1934 Faransa ta kafa doka mai tsanani a kan ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka, sai da izinin gwamna, kuma baƙar fata ba ya samun izinin cikin sauƙi. Shi ya sa ɗaliban Afirka da suka yi ɗaya daga cikin fina-finan farko a 1955, a birnin Paris suka ɗauke shi, ba a gida ba.

A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar al'adun Zabarmawa da sauran mutanen bakin kogin Kwara, wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Rouch ya ga abin da yaron yake yi, ya buɗe masa ƙofa. Daga baya Mustafa ya je Kanada, ya zauna da Norman McLaren, gwanin zane mai motsi wanda har a jikin faifan fim yake zana hoto da hannu ba tare da kyamara ba. Ɗan kanikancin da ya saba gyara mota da abin da ya samu a gareji, ya gamu da Bature mai irin halinsa. Abin nema ya samu.

A 1962, shekara biyu da samun 'yancin Nijar, ya fitar da Aouré, wato Aure, gajeren fim a kan yadda saurayi da budurwa ke haɗuwa har a kai ga ɗaurin aure a wani ƙauyen Zabarmawa. Ku lura da shekarar. Usman Sambene na Sanagal, wanda ake kira uban fim ɗin Afirka, sai a 1963 ya fitar da Borom Sarret. A 1962 ɗin dai Mustafa ya yi La Bague du roi Koda, labarin azzalumin sarki da ya ba masunci ajiyar zobe, ya bi ta bayan fage ya sa aka sace aka jefa a kogi don ya sami hujjar kashe shi, sai ga zoben a cikin kifi. Duk wanda kakarsa ta yi masa tatsuniya ya san mu ma muna da irinta. Tun daga nan aka ga hanyar da zai bi: labarin gida, kayan aiki na aro, ba ya jiran sai komai ya cika.

Akwatin Jimmy

Fim ɗin da ya fi yi masa suna shi ne Le Retour d'un aventurier na 1966, ma'ana dawowar ɗan yawon duniya. Bai fi minti talatin da 'yan kai ba. Wani saurayi mai suna Jimmy ya dawo ƙauyensu daga Amurka da akwati cike da tsaraba. Tsarabar kuwa kayan kaboyi ne: malafa, takalmi, ɗamara da bindiga. Ya raba wa abokansa, kowa ya ajiye sunan da aka raɗa masa ranar suna ya ɗauki sabo. Wannan ya zama Black Cooper, wancan James Kelly, wani Casse-Tout, wato mai fasa komai, budurwar da ke cikinsu kuma ta zama Sarauniya Christine. Suka hau dawaki, suka shiga shaye-shaye da caca da dambe kamar yadda suka gani a silima, suka hana ƙauye sakat. Dattawa suka rasa yadda za su yi da su. Abin da aka fara da wasa ya ƙare da zub da jini a tsakaninsu.

Wanda ya kalli fim ɗin sama-sama zai ce ai wannan kwaikwayon Amurkawa ne kawai, baƙar fata sun sa hular kaboyi. A nan ne muke ganin an yi masa gurguwar fahimta. Kwaikwayon shi ne abin da fim ɗin yake bincike a kai. A wancan zamani gidajen silima na Yamai, kamar na Kano da na nan Ibadan, fina-finan kaboyi da na Indiya suke nunawa dare da rana, samari kuma suna fitowa suna tafiya irin ta jarumin, suna kiran juna da sunansa. Mustafa ya ga haka da idonsa, shi ma a cikin masu kallon ya tashi. Sai ya tambayi kansa, to idan yaran nan suka sami kayan da gaske fa, me zai faru? Amsar ita ce fim ɗin.

Gwanintarsa a nan ita ce bai yi wa'azi ba. Da wani ne, da ya kawo dattijo mai farin gemu ya tsaya gaban kyamara ya yi minti goma yana tsine wa zamani. Mustafa ya bar mu mun ji daɗin sukuwar dawakin, mun yi dariyar yadda malafar ta zauna a kan yaron ƙauye, har mun fara sha'awar shiga ƙungiyar, sannan ya nuna mana gawa. Ya san abin da ke jan samarin, domin shi ma ya ja shi. Kuma bai wanke dattawan tas ba. Mai kallo zai fita yana tambaya, me ƙauyen ya tanadar wa yaran nan da har akwati guda ya isa ya raba su da sunayensu?

Jama'a, wa ya fi mu sanin akwatin Jimmy? Mu ne fa masu zuwa gida da salla ɗauke da kaya. Mu ne ƙannenmu na ƙauye ke kallo su ga agogo da waya da sabon ɗinki, ba su ga daren da muka kwana a rumfa ko a bayan tirela ba. Bayan salla sai ka ga yaro ya ajiye fartanya ya biyo motar shanu, wai shi ma ya zo Kurmi. Sannan akwai akwati na biyu, wanda ke shigowa ta waya cikin ɗakunanmu a nan, yaro yana Sabo amma tafiyarsa da askinsa da laƙabinsa na wata ƙasa ne da bai taɓa gani ba. Fim ɗin da aka yi kusan shekara sittin da suka wuce ya riga mu faɗin wannan magana, kuma ya faɗe ta ba tare da zagin yaran ba.

A nan ne kuma muke son 'yan fim ɗinmu na Kano su saurara. An daɗe ana muhawara a kan rawa da waƙa irin ta Indiya a fina-finan Hausa, wasu na cewa a hana, wasu na cewa kasuwa ce ta so haka. Mustafa ya nuna hanya ta uku. Ya ari rigar baƙo ya sa, amma yana sane da cewa aro ce, kuma ya sa mai kallo ya ga inda ta yi masa yawa da inda ta matse shi. Aro ba laifi ba ne, mu da muke zaune cikin Yarbawa mun ari kalmominsu da abincinsu, su ma sun ari namu. Matsalar ita ce mai aron ya manta cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Kwaɗi a fadar mulki

A fannin zane mai motsi, Mustafa yana cikin na farko-farko a Afirka ta kudu da Sahara. La Mort de Gandji, wanda ya zana da kwaɗi a matsayin sarki da fadawansa, ya sami kyauta a babban bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar dai ya fitar da Bon Voyage Sim, wato a sauka lafiya Sim, fim na kimanin minti biyar, baƙi da fari, zanen layi kawai. Sim kwaɗo ne, kuma shugaban jamhuriyar kwaɗi. An gayyace shi ziyarar aiki a maƙwabciyar ƙasa, ya hau jirgin sama, aka tarbe shi da faretin soja da dukkan shagalin da aka saba yi wa shugabanni, ya gama ya komo gida. Shi ke nan labarin. Ba a gina rijiya ba, ba a buɗe asibiti ba.

Ku dubi shekarar da kyau. A watan Janairun 1966 soja suka kifar da gwamnati a Nijeriya aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a watan ne aka yi juyin mulki a ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, a Fabrairu kuma aka tumɓuke Nkrumah a Gana. A Nijar jam'iyya ɗaya ce ke mulki ƙarƙashin Diori Hamani, ba a sukar gwamnati a fili. A irin wannan yanayi ne wani saurayi ɗan shekara 24 ya zana shugaban ƙasa da kumburarren wuya da ƙafafun kwaɗo. Wa zai kama shi? Ai kwaɗo ya zana. Wannan dabarar kakanninmu ce, wadda ke sa Gizo ya faɗi abin da talaka ba ya iya faɗa a gaban sarki. Kuma zaɓen kwaɗon ma akwai hikima a ciki: ga kumbura, ga yawan ƙara, ga tsalle ba nisa.

Daga baya ya koma ga 'yan tsana, waɗanda yake ƙerawa da hannunsa, ya motsa su kaɗan ya ɗauki hoto, ya sake motsawa ya sake ɗauka. A fim, hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa guda, don haka ku auna haƙurin da minti goma ke bukata. Da wannan hanya ya yi Samba le Grand a 1977, labarin jarumin da gimbiya ta yi ta ɗora wa sharaɗi bayan sharaɗi. Da ita kuma ya yi Kokoa, wato Kokawa, inda ya shirya gasar kokawar gargajiya irin ta Nijar, da makaɗa da 'yan kallo da alƙalin wasa, amma 'yan kokawar kwaɗi ne da hawainiya da sauran dabbobi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa zai gane kirarin da taƙamar da yadda ake zagaya juna kafin a kama. Ya lura da mutanensa sosai kafin ya mai da su 'yan tsana.

Mata, gida, mota, kuɗi

Dogon fim ɗinsa na farko ya fito a 1972 da wani suna mai kama da lambar mota, FVVA. Haruffan farko ne na kalmomin Faransanci huɗu: mace, katafaren gida, mota, kuɗi. Waɗannan su ne ma'aunin cin nasara a wurin sababbin ma'aikatan gwamnati na bayan 'yanci. Ali ƙaramin ma'aikaci ne mai rufin asiri, iyaye suka yi masa auren da bai zaɓa ba, hidima ta yi yawa, son a ce shi ma wani ne ya kama shi, ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, ya ƙare a hannun hukuma. A shekarar ne kuma ɗan ƙasarsu Umaru Ganda, wanda ya taɓa yin ci-rani a tashar jiragen ruwa ta Abijan, ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu da Le Wazzou polygame. A lokacin Nijar tana sahun gaba a fim a duk Afirka ta Yamma, abin da yau mutane da yawa ba za su yarda ba idan aka gaya musu.

Ƙarfin FVVA shi ne bai ɗora laifin a kan Ali shi kaɗai ba. Ya nuna dangi da abokai da surukai, kowa da ƙoƙon bararsa, kowa yana tura shi. Mu da ake yi wa waya daga gida kowane mako, a turo na taki, a turo na biki, a turo na asibiti, mun san nauyin nan. Mun kuma san wanda ya ci amanar maigidansa a kasuwar goro ko ta shanu don kada a ce ya gaza. Ɓarawon gwamnati da ɓarawon rumfa, sau da yawa tsoron gori ne ya haife su.

Sai Toula, wanda ya yi tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring, daga labarin Bubu Hama, marubuci kuma shugaban majalisar dokokin Nijar a lokacin. An yi shi a tsakiyar babban farin da ya cinye dabbobi da mutane a yankin Sahel a farkon shekarun 1970, farin da ya koro iyayen wasunmu zuwa nan. A labarin, ruwa ya ƙafe, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa, kuma budurwar ita ce Tula, 'yar gidan sarki. Saurayin da ke sonta ya bazama neman ruwa don ya cece ta, ya dawo ya tarar an riga an yi. Fim ne mai nutsuwa, ba barkwanci a ciki, kuma tambayarsa tana da nauyi: idan masifa ta zo, wa ake miƙawa, kuma wa ke yanke shawarar?

Baƙo da kyamara a Shaki

Ga abin da ya fi kusa da mu. A 1973 Mustafa ya yi wani fim na gaskiya mai suna Shaki, a garin Shaki da ke arewacin jihar Oyo ta yau. Ya ɗauki bikin naɗin sarkin Yarbawa, ya nuna yadda al'adar gargajiya da Musulunci da Kiristanci suke cakuɗe a taro guda. Mutumin Nijar ne ya zo ƙasar masu masaukinmu, ya dube su da girmamawa, ya ajiye wa jikokinsu abin da za su gani.

To mu fa? An kafa Sabon Ibadan tun 1916. Wani masani da ya zo daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Mustafa ke ɗaukar Aure, ya rubuta littafi a kan cinikin goro da shanu da tsarin masu gida da dillalai, aka buga a 1969. Har yau duk ɗalibin da ke son sanin Sabo a jami'o'in duniya, littafin nan yake buɗewa. Ba mu raina aikinsa ba. Amma da Turanci ne, kuma idon baƙo ne. Bambancin Mustafa da yawancin yaran da suka yi wa Rouch aiki shi ne bai tsaya a matsayin wanda ake ɗauka ko mai riƙe wa Bature jaka ba, ya karɓi kyamarar ya juya ta inda yake so. Mu kuwa, sama da shekara ɗari muna nan, kyamara ba ta cika shigowa unguwanninmu ba sai an yi tashin hankali, kamar yadda aka gani a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021. Wanda bai san mu ba, hayaƙi da gudu kawai ya gani.

Inda muke da ja

Yabon gwani ya zama dole, amma son kai ne a ce ba shi da aibi. Na farko, aikinsa yakan fito da kaushi. Sauti wani lokaci ba ya tafiya daidai da baki, 'yan wasan da yawa ba ƙwararru ba ne, kuma akan ji labari ya yi tsalle kamar an cire wani yanki. Masu sonsa a Turai sukan ce wannan ma ado ne. Mu ba mu yarda da haka duka ba. Wani kaushin na rashin kuɗi ne, wani kuma na gaggawar mutumin da tunaninsa ya riga hannunsa gudu, yana gama wannan ya ƙosa ya fara wancan. Wanda ya saba da fim mai santsi zai sha wahala a minti goman farko.

Na biyu, harshe. Da yawa daga fina-finansa da Faransanci ake magana ko bayani a cikinsu, alhali mutanen da yake ba da labarinsu Hausa da Zabarmanci suke ji. Dalilin a fili yake: a wancan zamani wankin fim da haɗa shi a Faransa ake yi, tallafi ma daga can yake zuwa, bukukuwan da ake nuna shi kuma masu jin Faransanci ne. Amma sakamakon shi ne tsohuwar da ta ba shi tatsuniyar ba za ta fahimci fim ɗin da aka yi da ita ba. A nan kam 'yan Kano sun fi shi. Duk abin da za a faɗa a kansu, sun yi fim da harshen mai kallo, da kuɗin mai kallo, har ya kai ɗakin kowace mace daga Agege zuwa Kumasi. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka, Hubert Ogunde ya riƙa yawo da fina-finansa gari-gari yana nuna wa mutanensa da harshensu. Shi ma Mustafa ya yi yawon nuna majigi a garuruwa da ƙauyuka, kuma a Deela na 1969 ya ba wani mai tatsuniya Bahaushe, Albarka, fili ya yi bayani da bakinsa. Sai dai hakan bai zama kasuwar da za ta riƙe kanta ba.

Na uku, mata. A FVVA an jera mace tare da gida da mota da kuɗi, kamar ita ma kaya ce. Za a iya cewa ai tunanin mazan yake yi wa ba'a, kuma gaskiya ne. Duk da haka ba mu cika jin abin da matan ke so da bakinsu ba. Ko Tula, wadda fim ɗin ke ɗauke da sunanta, an fi yin magana a kanta fiye da yadda take magana. Sannan akwai Zalika Sule, wadda ta fito a Sarauniya Christine tana budurwa. Mutanen gari sun kasa raba wasa da gaskiya, suka ɗauke ta 'yar iska saboda rawar da take takawa a fim, ta sha zagi, ta tsufa cikin talauci har ta je aikatau Amurka. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi. Ba mu ce laifin Mustafa ne shi kaɗai ba, laifin al'umma ne da na sana'ar baki ɗaya. Amma darakta ya sami lambar yabo, 'yar wasa ta sami gori, kuma har gobe haka abin yake ga 'yan matan fim ɗin Hausa.

Tawa

Mustafa ya shugabanci sashen fim na jami'ar Yamai shekara 15. Da harkar fim ta durƙushe a Nijar, gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya, bai tattara ya koma Paris ba, ko da yake yana da hanyar yin haka. Ya zauna a Tawa, ya buɗe masaukin baƙi yana ci da kansa, ya mai da wani ɓangarensa ɗakin aiki cike da 'yan tsana da tsofaffin kyamarori. Da kwamfuta ta zo, yana da furfura ya zauna ya koyi yin zane da ita, yana kuma koya wa yara. A 2007 Faransa ta ba shi lambar girmamawa a bikin fina-finai na Cannes. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris 2015, yana da shekara 73. A 2017 babban gidan adana fasahar zamani na birnin New York ya shirya nuna fina-finansa. Kun ji fa, New York ta san shi, Sabo ba ta san shi ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Abin da ya rage gare mu

Wayar da ke aljihun kowane yaro a unguwar nan ta fi duk kyamarar da Mustafa ya fara aiki da ita ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi sai ya aika faifai Faransa ya jira kafin ya ga abin da ya ɗauka, mu kuwa nan take muke gani. Saboda haka maganar rashin kayan aiki ta ƙare. Abin da yake da shi wanda muke nema shi ne ido, da haƙuri, da yarda cewa labarin ƙofar gidanka ya isa a yi fim da shi.

Akwai dattawa a cikinmu da suka san lokacin da ake koro shanu da ƙafa daga Arewa, suka san yadda ake ɗaure huhun goro a loda a jirgin ƙasa, suka san waɗanda suka gina masallatan nan da yadda aka zauna da masu gari a shekarun wuya. Kullum ana ɗaukar ɗaya zuwa makwanci, kuma duk wanda ya tafi, da abin da ya sani yake tafiya. Akwai iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin tuwo da fura. Akwai yaran da aka haifa a nan, masu Yarbanci kamar Yarbawa, waɗanda idan sun je Arewa a ce musu 'yan Kurmi, a nan kuma a ce musu baƙi. Wane daraktan Kano ne zai ba da wannan labari? Bai san shi ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Muna roƙon ƙungiyoyin matasanmu da masu gidajen kallon ƙwallo su gwada abu guda. Wasu gajerun fina-finan Mustafa suna nan a intanet. A ware dare ɗaya a nuna Bon Voyage Sim da Kokoa da labarin Jimmy, a sami ɗan'uwa daga cikin 'yan Nijar da ke zaune tare da mu ya fassara, a gayyaci dattawa, a yi muhawara bayan an gama. Malaman makarantun Islamiyya da na boko kuma su bar yaron da ke zane a bayan littafi ya yi zanensa, a nuna masa inda zai kai shi. Sannan duk mai kaka ko kakan da ya haura saba'in, ya nemi izininsa, ya jingina waya a gabansa, ya tambaye shi yadda ya zo garin nan da abin da ya tarar. A fara da wannan kafin azumi mai zuwa. Allah ya ba mu ikon yi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.